Raba intanet ɗaya ga kwamfutocin gida ba tare da rauta ba: me yake faruwa a ciki?

Gida akwai kwamfuta biyu ko uku, intanet kuma layi ɗaya ne tal, ko modem irin na USB ɗin nan da ake saka masa sim, ko wayar hannu da ake loda mata data duk wata. Ga desktof a falo wacce ko wifi ba ta da shi, ga laftof ɗin yara, kowa yana son ya shiga, rauta kuma, wato akwatin da yake raba intanet ga na'urori, babu, ko dai ba kuɗin saya yanzu ko kuma wacce ake da ita wuta ta ƙona ta. Tambayar ita ce zai yiwu a raba? Eh zai yiwu, kuma ba sai ka sauke wata manhaja ba, Windows da Mac da Linux duk sun zo da abin a cikinsu. Amma akwai abu ɗaya da in mutum bai gane shi ba zai ta shan wahala yana danne-danne a banza, shi ne aikin rauta ba ya ɓacewa don ba ka sayi rauta ba, ɗaya daga cikin kwamfutocin ce za ta ɗauki aikin a kanta. Duk wata matsala da za ka gamu da ita nan gaba daga nan take fitowa.

To me ya sa ba za a yi wa intanet irin yadda ake yi wa wuta ba, a jona waya biyu a soket ɗaya kowa ya sha? Saboda kamfanin da yake ba ka sabis adireshi ɗaya yake ba layinka, abin da ake kira IP. Tsarin da aka fi amfani da shi har yau, wato IPv4, adireshi kusan biliyan 4.3 kawai yake iya bayarwa, lokacin da aka tsara shi ana ganin ai wannan ba zai taɓa ƙarewa ba, sai ga shi a watan Fabrairun 2011 hukumar IANA mai kula da rabon adireshin intanet a duniya ta raba ragowar da yake hannunta. Tun kafin a kai nan masana sun hango, shi ya sa tun 1994 aka ware wasu adireshi aka ce waɗannan na cikin gida ne, kowa ya yi amfani da su a gidansa ko ofis ɗinsa amma ba sa fita waje. Su ne masu farawa da 10, da waɗanda suke tsakanin 172.16 zuwa 172.31, da kuma 192.168 wanda shi ne kowa ya fi gani. Ka ga ke nan gidanka da gidan maƙwabcinka za ku iya samun 192.168.0.5 iri ɗaya sak ba wani rikici, don babu wanda yake ganin na wani.

Matsalar ita ce kwamfutar da take riƙe da irin wannan adireshi ba za ta iya magana da Google ko Facebook kai tsaye ba, dole wani ya tsaya a tsakani. Ka tuna makarantar kwana da ɗaruruwan ɗalibai suke amfani da akwatin gidan waya guda ɗaya, masinja ya kwashi wasiƙu ya kai, in amsa ta dawo ya duba littafinsa ya san wannan ta wane ce ya miƙa masa, mutanen waje su akwati ɗaya suka sani. Wannan aikin shi ake kira NAT. Kwamfutar da take tsakani tana cire adireshin cikin gida daga kan saƙon, ta manna nata na waje, ta rubuta a wani jadawali cewa saƙo mai lambar ƙofa (port) kaza na laftof ɗin yara ne, da amsa ta iso sai ta juya ta mayar masa. Sau dubbai take yin haka a minti ɗaya ba ka sani ba.

Bayan NAT akwai wasu ƙananan ayyuka biyu. Na farko rabon adireshi, wato duk na'urar da aka jona a ba ta lamba ba tare da ka zauna kana rubutawa da hannu ba, sunansa DHCP. Na biyu fassara suna zuwa lamba, DNS, don kai bbc.com kake rubutawa amma kwamfuta lamba take nema. Akwatin roban nan mai eriya da ake sayarwa a kasuwa waɗannan ukun yake yi, sai ƙarin wifi da ramukan kebul guda huɗu a bayansa. Shi ke nan fa, ba wani tsafi.

Kuma abin ba sabo ba ne. Tun 1995 akwai manhaja mai suna WinGate da mutane suke sakawa don raba layin modem na tarho ga kwamfutoci da yawa, daga baya a 1999 Microsoft ta saka nata a cikin Windows 98 Second Edition ta kira shi Internet Connection Sharing, a taƙaice ICS, kuma har Windows 11 yana nan bai je ko'ina ba. Waɗanda suka yi zamanin kafe a garuruwanmu za su tuna kwamfutar nan da ake kira saba, wacce take kusa da mai karɓar kuɗi, ba a barin kowa ya taɓa ta, in ta tsaya duk shagon ya tsaya. A wurare da dama katin netwok biyu ne a cikinta, ɗaya yana karɓo intanet ɗaya yana rabawa. Abin da za ka yi a gida ke nan, ƙarami dai.

Mu fara da hanyar kebul don ita ce ta fi ƙarko. Kwamfutar da za ta raba dole ta kasance da ƙofa biyu, ta shiga da ta fita. In intanet ɗinka ta modem na USB yake shigowa ko ta wifi, to ramin LAN ɗinka, wato ramin da ake cusa kebul na netwok, a sake yake, shi zai zama ƙofar fita. In kuma ta ramin LAN ɗin yake shigowa to sai ka nemi na biyu, akwai ƙaramin adafta na USB zuwa LAN da ake samu a shagunan kayan kwamfuta, in kana Kano ka leƙa Beirut Road ba za ka rasa ba. Sai kebul mai kan RJ45 ka jona wannan kwamfuta da waccan.

A nan ne tsofaffin hannu za su ce maka sai ka nemi kuros kebul, kuma a zamaninsu gaskiya suka faɗa. A tsohon tsari mai gudun megabit 10 da 100, waya ta 1 da ta 2 ne suke aikawa, ta 3 da ta 6 suke karɓa, to in ka haɗa kwamfuta biyu da kebul na yau da kullum sai ya zama baki yana fuskantar baki, babu mai saurare, shi ya sa ake murɗa kan ɗaya a sauya waɗannan wayoyin. Yanzu kusan duk katin netwok mai gudun gigabit yana gane hakan da kansa ya juya a ciki, kuma ya isa a ce ɗaya daga cikin kwamfutocin biyu yana da wannan dabarar. Don haka ka fara gwada kebul ɗin da kake da shi tukuna, in ƴar fitilar da take jikin ramin ta kama to magana ta ƙare, kar wani ya sa ka kashe kuɗi. Tsawon kebul kuma kar ya wuce mita 100, wanda ba na jin akwai gidan da zai kai haka tsakanin ɗaki da falo.

A Windows ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta ncpa.cpl, za ka ga duk ƙofofin netwok ɗinka a jere. Ka danna dama a kan wacce intanet yake SHIGOWA ta cikinta, ka shiga Properties, ka je Sharing, ka saka alama a akwatin farko mai cewa a bar wasu su yi amfani da wannan intanet, in ya ba ka zaɓi a ƙasa sai ka zaɓi ƙofar fita wato Ethernet, sunan da Windows yake kiran ramin LAN. Na rubuta shigowa da manyan baƙi ne da gangan, don kuskuren da aka fi yi ke nan, mutum ya je kan Ethernet ɗin da babu komai a cikinsa ya kunna rabawa, sannan ya zauna yana zagin Windows. Da ka danna OK ƙofar fita za ta koma 192.168.137.1 da kanta, haka yake tun daga Windows 7. A XP 192.168.0.1 ne, kuma wannan ya sha jawo karo da modem masu irin wannan lambar. Ita kuma ɗaya kwamfutar ba abin da za ka yi mata illa ka tabbatar tana kan karɓar adireshi da kanta, za ta samu wani abu mai farawa da 192.168.137, adireshin da za ta riƙa bi ta kansa zuwa intanet, wato gateway, kuma ya zama 192.168.137.1.

In kwamfutocin sun wuce biyu sai ka ƙara suwic, ɗan akwati mai rami 5 ko 8, ka jawo kebul daga kwamfutar da take rabawa zuwa cikinsa, sauran kowa ya ja nasa. Kar kamannin su ruɗe ka, suwic ba rauta ba ne, shi ba ya raba adireshi ba ya NAT, ƙara yawan ramuka kawai yake yi. Shi ya sa wanda ya ɗauki kebul daga modem zalla ya cusa a suwic ya jona kwamfuta uku, yawanci ɗaya ce za ta samu intanet sauran su yi ta juyi, don adireshi ɗaya kamfani ya bayar kuma wacce ta riga ta ɗauke. In kuwa ka yi haka ka ga duk ukun sun kama, to albishirinka, abin da kake kira modem ɗin nan da rauta a cikinsa tun farko, ba ka buƙatar duk wannan dogon bayanin. Akwatunan da masu faiba suke kawowa galibi haka suke, MiFi ma rauta ce ƙarama mai batir, har wasu modem na USB na Huawei waɗanda ake buɗe shafinsu ta 192.168.8.1 suna yin NAT a cikinsu.

Ta wifi kuma abin ya fi sauƙi yanzu. Daga sabuntawar Windows 10 ta shekarar 2016 aka kawo Mobile hotspot a cikin Settings, ka zaɓi intanet ɗin da za a raba, ka saka suna da fasawod, ka kunna, na'ura har 8 za su iya hawa. A zamanin Windows 7 sai an buɗe baƙin allon nan na cmd an rubuta umarnin netsh, kuma ba kowane katin wifi yake yarda ba, wahala ce kawai. Abu biyu za ka lura da su, yana kashe kansa in ya ɗan jima babu wanda ya jona sai in ka cire wannan zaɓin na tattalin wuta, sannan in tsohuwar laftof ba ta ganin sunan kwata-kwata to ka duba ko a kan 5GHz ka sa shi, ka mayar 2.4GHz, shi ne tsofaffin kaya suka sani kuma ya fi ratsa bango. In kuma ta wifi kake karɓa ta wifi kake rabawa da kati ɗaya, zai yi aiki a yawancin laftof na yanzu amma gudun zai ragu, don rediyo ɗaya ne yake aikin biyu.

Masu Mac su shiga Sharing su kunna Internet Sharing, masu Ubuntu da ire-irensa su je saitin IPv4 na ƙofar kebul su zaɓi Shared to other computers, a Ubuntu adireshin zai koma 10.42.0.1. Aikin ɗaya ne, lambobin ne suka bambanta.

Wani zai ce to ai ni wayata ma tana yin hotsfot, me zai kai ni duk wannan? Gaskiyarka, tun Android 2.2 a 2010 waya take yin haka, kuma in duk na'urorin gidan suna da wifi wallahi ita ce hanya mafi sauƙi, ita ma wayar rauta ta zama a lokacin. Inda ake buƙatar haɗawa shi ne in akwai desktof marar wifi, ko kuma wayar tana zafi batir yana zuba. Sai ka jona wayar da laftof ta kebul ɗin caji, ka kunna USB tethering, Windows zai gan ta kamar wani sabon katin netwok, sai ka yi mata ICS ɗin nan da muka yi bayani ka tura ta ramin LAN. Ribar ita ce wayar tana shan caji tana aiki. Ta Bluetooth ma ana yi amma ni ban ba ka shawara ba, da ƙyar yake kai megabit 2, sai dai in saƙon rubutu kawai za ka tura.

Sai dai ka san a irin wannan haɗin NAT ya hau kan NAT. Laftof ta yi nata, waya ta yi nata, kamfanin layin ma yawanci yana yin nasa babba don su ma adireshin bai ishe su su ba kowane sim nasa ba, akwai ma rukunin da aka ware musu a 2012 mai farawa daga 100.64. Buɗe shafi, YouTube, WhatsApp, imel, duk ba za ka ji komai ba tunda kai ne kake fara magana amsa ta biyo sawu. Inda abin yake cizo shi ne in wani daga waje ne zai fara neman ka, kamar wasu wasannin gem na intanet, ko kana son ka leƙa wata na'ura ta gida kai tsaye daga wani gari. Nan kam ko ka buɗe ƙofar port a Windows ba lallai ya yi ba, don katangar kamfani tana gaba kuma ba kai ke da mabuɗinta ba.

Akwai wani zaɓi da za ka gani a wurin mai suna Bridge Connections, mutane suna ɗauka duk ɗaya ne da ICS, ba ɗaya ba ne. Shi haɗe ƙofofin biyu kawai yake yi su zama kamar waya ɗaya, ba ya raba adireshi. Yana da amfani ne in da ma akwai mai rabon adireshi a gaba, misali MiFi, in babu to ɗaya kwamfutar za ta zauna tana jiran lambar da ba mai ba ta.

In ka gama komai abin ya ƙi, kar ka fara da sake Windows, ka bi shi daki-daki. A kwamfutar da take karɓa ka buɗe cmd ka rubuta ipconfig. In ka ga adireshi mai farawa da 169.254 to ma'anarsa ta nemi mai ba ta lamba ba ta samu ba sai ta laƙa wa kanta, ke nan ko kebul ne, ko rabawar ba ta kunnu ba, ko wani antibairos mai katangarsa ya toshe. In ta samu 192.168.137 ɗin amma shafi ba ya buɗewa, ka rubuta ping 8.8.8.8, in amsa ta dawo to intanet yana zuwa, DNS ne ya maƙale, sai ka saka mata 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare da hannu. VPN a kan kwamfutar da take rabawa shi ma yana yawan dagula lissafi, ka kashe shi ka gwada. Sannan akwai wata tsohuwar ɗabi'a ta Windows 10 da ita kanta Microsoft ta yi bayani a kai, bayan an kashe kwamfuta an kunna sai rabawar ta daina aiki alhali alamar tana nan a akwatin, maganin gaggawa shi ne ka cire alamar ka danna OK ka sake sakawa. Kuma ka hana ta barci, don da ta yi barci ko aka rufe murfin laftof kowa ya yanke.

Yanzu ga inda ni a ganina ya fi komai muhimmanci ga mai sayen data da kuɗinsa. Kwamfutar da ta karɓi intanet ta kebul ba ta san daga sim yake fitowa ba, ita a wurinta kebul alama ce ta intanet marar iyaka, sai ta saki jiki, Windows Update ya fara jan kaya, OneDrive ya fara loda hotuna, Chrome da antibairos kowa yana sabunta kansa, kafin ka ankara datar da ka saya ta wata ta tafi a yini ɗaya kana cewa kamfani ya cuce ka. Haka wayoyin da suka hau hotsfot ɗin laftof, su wifi suke gani, duk abin da aka saita sai an samu wifi kamar ajiyar WhatsApp da sabunta manhajoji a Play Store a lokacin zai tashi gaba ɗaya. Don haka kafin ka bar kowa ya hau, ka shiga saitin netwok na kowace kwamfuta ka kunna Metered connection, tun 2017 Windows 10 ya yarda a yi wa kebul ma haka, da can wifi kawai ake yi wa. A Android ma za ka iya shiga bayanan wifi ɗin ka ce a ɗauke shi a matsayin mai awo. Ba zai hana komai ɗari bisa ɗari ba amma bambancin a bayyane yake. Gudu kuma kar ka sa rai zai ƙaru, in layinka megabit 10 yake bayarwa to shi za a yi ta rabo, mutum ɗaya mai sauke fim ya isa ya sa sauran su yi ta kallon abu yana juyawa, kuma ICS ba shi da wani saiti mai sauƙi na cewa wane kar ya wuce kaza.

To ya dace mutum ya zauna a haka? In na kwana biyu ne, ko baƙo ya zo, ko desktof ɗaya ce kake son ta samu, ya yi daidai kuma kusan kyauta ne. Amma a ce shi ne tsarin gida na kullum, ni ban gamsu ba, musamman a inda wuta take zuwa ta tafi yadda ta ga dama. Ƙaramar rauta abin da take ci bai fi wat 5 zuwa 10 ba, ƙaramin batir ma zai riƙe ta sa'o'i, desktof kuwa ninkin haka take ci sau da yawa, ga shi duk wanda zai shiga intanet sai an kunna ta ko da mai ita ba ya nan, in a kan janareta ko sola kuke to kuɗin da kake ganin ka tsira da shi yana fita ta wani wajen. Laftof ta fi dama-dama tunda tana da batirinta, sai dai ranar da mai ita ya saka ta a jaka ya tafi makaranta gidan ya koma duhu. Kuma duk wanda ya hau, yana netwok ɗaya da kwamfutarka ne, in kana da fayil da ka buɗe wa rabawa to ka san da wa kake ba fasawod.

Ranar da Allah ya hore ka sayo rauta, kar ka manta ka koma ncpa.cpl ka cire alamar nan kafin ka jona kwamfutar da ita. In ka bar ta, za a samu masu rabon adireshi biyu a netwok ɗaya, wata na'urar ta karɓi lamba daga rauta wata ta karɓa daga kwamfutarka, intanet ya riƙa zuwa yana ɗaukewa ba ka san dalili ba. Ka kuma leƙa saitin IPv4 na ramin LAN ɗin, don wani lokacin 192.168.137.1 yakan maƙale a wurin ko bayan an kashe rabawar, in ka gan shi ka mayar da shi kan karɓa da kansa, DNS ɗin da ka saka da hannu a ɗaya kwamfutar kuma in ka ga dama ka bar shi, ba ya hana komai.